Kundin aiki: goge saƙar gizo daga fentin baƙar Camry a Katsina

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Motar Toyota Camry ce ƙirar 2013, 'yar Kwatano, baƙa mai ɗan ƙyalli a ciki. Lambar fentinta 218, tana nan a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR. Hanyar Katsina zuwa Daura ita ce hanyarta ta kullum, kuma a waje take wuni, ƙarƙashin bedi. A inuwa baƙa ce wuluk. Da an fito da ita rana sai fentin ya koma toka-toka, siraran zane su kewaye hasken rana kamar saƙar gizo, musamman a bonet da but da saman ƙofofi.

Zanen nan ba a zagaye aka yi shi ba. Ƙananan karce ne miƙaƙƙu, dubbai, kowanne ya nufi inda ya nufa. Haske idan ya faɗo daga wuri guda, kamar rana ko tocila, karcen da ya gitta masa ne kaɗai ke mayar da shi ido, shi ya sa ake ganinsu a kewaye. Abin da ke kawo su a garin nan sananne ne. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Duk safiyar da mai gadi ko yaron gida ya ɗauki busasshen tsumma ya share motar, samfefa ya goga mata. Sauran kuma wurin wanki ne: bokiti ɗaya, soso ɗaya, garin sabulun wanki, da tawul ɗin da ya goge taya ya dawo ya goge bonet.

Fentin irin wannan mota hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar hana tsatsa a jikin ƙarfe, sai firama, sai launi, sai kiliya a sama, wato fatar nan marar launi mai ba da sheƙi. Duka-duka kaurinsu daga kamfani yakan kama tsakanin maikuron 100 zuwa 150 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kusan kaurin takardar A4 guda. Kiliya a ciki ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Karcen yana cikin kiliya ne, kuma injin folish ba cike shi yake yi ba, aske kiliyar gefensa yake yi har ta sauko daidai da gindin karcen. Abin da aka aske ya tafi ke nan. Saboda haka tun yau muka gaya wa Alhaji mai motar cewa ba kowane zane za mu bi ba.

An zagaya motar da tocila mai farin haske, ana gwada kowane babban karce da farce. Wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfin da inji ba zai fitar ba. Akwai irinsa ɗaya a ƙofar baya ta dama. A bonet akwai tabon kashin tsuntsu guda biyu da suka ci kiliya, ga ɗigon ruwa da ya bushe ya bar zobba a but. Rufi ne abin damuwa: can baya kusa da gilashi ya fara fari-fari.

Litinin, 6 ga Janairu

Yau wanki ne kawai, kuma shi ya cinye ranar. Ba a ɗora inji a kan fentin da ba a tabbatar babu tsakuwa ko ɗaya a jikinsa ba.

An fara da tayoyi da rim da cikin fenda, da bokitinsu daban da buroshinsu daban. Sannan aka sheƙa wa jikin ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa shi, aka fesa kumfar sabulun mota aka bar ta minti uku zuwa huɗu, aka ɗauraye. Bayan nan ne aka sa hannu. Bokiti biyu masu cin lita 15 zuwa 20, ɗaya ruwan sabulu, ɗaya ruwan ɗauraya zalla, kowanne da ragar roba a gindinsa don yashi ya kwanta a ƙasa kada safar wanki ta sake kwaso shi. A wanke fanel ɗaya, a ɗauraye safar, sannan a koma sabulu. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe.

Ruwan wurin nan na burtsatse ne, yana da gishiri-gishiri, kuma a wannan iska yana bushewa kafin ka zagayo motar. Shi ya sa aka wanke ta a inuwa da sassafe, ana tsane kowane ɓangare nan take. Tsofaffin zobban da ke but an jiƙa su da ruwan khal da aka gauraya da ruwa rabi da rabi, aka bar tawul a kai kamar minti biyu. Abin da ke saman fenti ya narke. Inuwar zoben da ta riga ta ci kiliya ta rage, wannan sai inji.

Ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi cike suke da ɗigon kwalta. Man cire kwalta aka fesa aka bar shi ya narkar da ita, aka share a hankali. Kananzir ma yana yi idan babu, amma sai an sake wanke wurin da sabulu, kuma kada ya daɗe a kan roba.

Daga nan sai yumɓun goge fenti, wani abu mai danƙo da ke tsince dattin da ya kafe a fenti wanda wanki bai fitar ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zura hannu cikin siririyar leda a shafa fentin da aka wanke. Bonet da rufi da but duk sun yi gursa-gursa. An yanki yumɓu mai laushi kamar giram 30, aka murza shi ya yi faɗi, ana fesa ruwan sabulu da yawa ana jan sa gaba da baya ba tare da dannawa ba, har sai ya daina kamawa. Da fuskarsa ta yi datti a ninke shi a fito da sabuwa. Wanda ya faɗi ƙasa ba a ɗauraye shi a ci gaba, zubarwa ake yi. Yumɓu yana barin nasa ɗan dusashewar a baƙin fenti, ba komai tunda inji na tafe.

Talata, 7 ga Janairu

Awo da shirin wuri. Na'urar auna kaurin fenti an daidaita ta da faifan ƙarfen da take zuwa da shi, sannan aka auna kowane fanel a wurare da dama, tsakiya da gefuna, ana rubutawa a kan zanen motar da aka yi a takarda.

Bonet ya ba da 112 zuwa 128. Ƙofofin hagu da fenda biyu na gaba duk tsakanin 105 da 125. But 98 zuwa 110. Cikin ginshiƙin ƙofa, inda kamfani ba ya zuba kiliya sosai, ya ba da 68 zuwa 72. Idan aka cire wannan daga awon waje, za a iya ƙiyasta cewa kiliyar da ke bonet, a inda ta fi siranta, ba ta wuce arba'in da wani abu ba. Ƙiyasi ne kawai, don na'urar jimilla take bayarwa, ba ta raba hawa-hawa. Rufi ya sauka zuwa 84 a gaba, 76 a baya. Ƙofar baya ta dama kuwa ta tashi daga 240 zuwa 310, kuma a ƙasanta kusa da taya ta haura 700. An taɓa fentin ta, kuma akwai bodi fila a ƙarƙashi. Alhaji ya ce shi bai taɓa kai ta wurin mai fenti ba, watau tun kafin ta shigo hannunsa ne.

Na'urar ba ta karanta roba, don haka bamba na gaba da na baya ba su da awo. Za a bi su a matsayin siraran da ba a yarda da su ba.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kada abin da za a aske a tsawon rayuwar fentin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar, domin sinadarin da ke tare zafin rana yana cikinta ne. Ga wannan mota kusan maikuron 10 ke nan gaba ɗaya, kuma ba mu san abin da waɗanda suka riga mu suka ci ba. A wannan aikin mun yanke wa kanmu 3 zuwa 5.

An rufe robobin gilashi da baƙar robar gindin gilashin gaba da tambarin mota da bakin fitilu da tef ɗin masu fenti. An ja siririn tef a kan kowane ƙashin jiki mai kaifi, da gefunan bonet da na ƙofofi, saboda fenti ya fi siranta a nan kuma nauyin soso yana taruwa a wuri guda. Tef ɗin kwali mai ƙarfin gam bai dace ba, yana barin danƙo.

Garejin buɗe yake ta gabas, ta inda iskar hunturu ke shigowa. An rataya tamfol an rufe, an share ƙasa an yayyafa mata ruwa, an kashe fanka. Injin folish ɗin mai wat 900 ne, na wuta mai bolt 230. Masu sayo inji daga Amurka su duba wannan da kyau, yawancinsu na 120 ne, kuma ba tare da taransifoma ba ƙonewa za su yi nan take. Ƙaramin janareta ba ya riƙe shi idan an danna, gudunsa sai ya riƙa hawa da sauka. An tanadi mai kVA 2.5 da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5.

Laraba, 8 ga Janairu

Ranar gwaji. Ba a taɓa ko'ina ba sai rabin bonet, wanda aka raba gida huɗu da tef, kowane gida kamar santimita 40 da 40.

Injin mai juyi biyu ne, yana juyawa yana kuma karkarwa, faɗin karkarwarsa milimita 15, faifansa inci 5. Akwai mai juyi ɗaya a ajiye, irin wanda masu fenti suka saba da shi da soson ulu. Mai juyi ɗayan ya fi sauri amma ya fi tara zafi, kuma a baƙar mota yana barin sawunsa, wani irin walƙiya mai bin hanyar da injin ya bi. Yawancin motocin da ake cewa an yi musu folish suka fito rana suna wannan walainiya, aikinsa ne aka tsaya a kai ba a bi da mai laushi ba. Ba za mu taɓa shi ba sai dole.

Ana fara gwaji ne daga mafi sauƙi a hau sama, ba daga mafi kaushi a sauko ba. Yadda aka yi kowane gida iri ɗaya ne. Sabon soso ana fara shafe fuskarsa da man a murza da yatsa har ya shiga ko'ina, sannan a ɗiga ɗigo uku ko huɗu kowanne girman ƙwayar wake. A dangwala a kan fentin, a baza da gudun inji a lamba 1 ko 2, a ɗaga zuwa 4 ko 4 da rabi. A ja injin a hankali, santimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kowane layi ya hau rabin na baya. A bi daga hagu zuwa dama, a dawo daga sama zuwa ƙasa, har sau huɗu. Nauyin hannu kamar kilo 4 zuwa 5 a bi ukun farko, na ƙarshe a sassauta ya zama nauyin injin kaɗai. Soso ya kwanta shafe a kan fenti, kuma ba a kunna inji ko a kashe shi yana sama. Waya a saɓa ta a kafaɗa kada ta ja a jikin mota.

An ja layi da farin alƙalami a bayan faifan. Da shi ake gane ko soson yana juyawa. Irin wannan inji idan an danna shi da yawa ko an karkata shi, juyin yana tsayawa ya bar karkarwa kawai, ƙararsa kuwa ba ta canzawa. Mutum sai ya yi ta aiki ba ya yanka komai.

Gida na ɗaya: man goge mai laushi na Meguiar's M205 da soso mai laushi. Sheƙi ya dawo sosai, amma saƙar gizo kusan rabi tana nan. Gida na biyu: M205 da soso matsakaici. Ya fi, sai dai duk karcen da ya ɗan yi zurfi yana nan. Gida na uku: man goge matsakaici na Menzerna 2500 da soso matsakaici. Mafi yawan zanen ya fita, abin da ya rage 'yan tsiraru ne a warwatse. Gida na huɗu: man goge mai kaushi na Meguiar's M105 da soson maikurofaiba, wato yadi mai siraran zare ƙwarai. Wannan ya share kusan komai, amma ya bar hazo, baƙin ya yi kamar an shafa masa madara, dole sai an bi shi da mai laushi.

Ba a yarda da abin da ido ya gani nan take. Man goge yana ɗauke da maiƙo da ke cike karce ya ɓoye shi, sai bayan wanki biyu ya sake bayyana. Kowane gida an goge shi da ruwan sifirit kafin a duba. Haɗin shi ne sifirit irin isofurofil mai ƙarfin kashi 70 awo ɗaya, ruwan da aka tace awo huɗu, ya ba da kashi 14. Ruwan da ake sayarwa don ƙara wa batir yana yi, muddin an tabbatar marar asid ne. A fesa a tawul, ba a kan fenti mai ɗumi ba, a shafa sau ɗaya a hankali. Fentin nan mai laushi ne, tawul ma idan an danna yana zana shi.

Awo bayan gwaji: gida na uku ya ragu da kusan 2, na huɗu da 4 zuwa 5. Na'urar kanta tana iya kuskuren maikuron ɗaya ko biyu, shi ya sa ake auna wuri guda sau da yawa a ɗauki tsaka-tsaki. Bambancin kyau tsakanin gida na uku da na huɗu sai an kafa tocila an sunkuya ake ganinsa, bambancin kiliyar da suka ci kuwa ninki biyu ne. Mun tsaya a na uku, da M205 a bayansa don ƙarasawa. Mai kaushi sai a 'yan wuraren da awo ya yarda.

Soso bai ɗauki baƙi ba a ko'ina a bonet, wanda ya tabbatar akwai kiliya. Da fenti mai hawa ɗaya ne, irin na tsofaffin motoci da wasu fararen Toyota, da soson ya rine da launin motar.

Alhamis, 9 ga Janairu

An gama bonet da fenda biyu da ƙofar gaba ta hagu a zagayen farko.

Matsalar yau iska ce. Danshin iska a wannan wata yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kuma man goge yana bushewa kafin ya gama aikinsa. Da safe ana samun bi huɗu lafiya lau. Bayan azahar a bi na uku ya fara zama gari, yana kama fenti yana wuyar gogewa. Wannan ya fi shafar irin na Menzerna, wanda ƙwayoyinsa ke farfashewa su yi laushi yayin aiki. Idan ya bushe kafin su farfashe, sai ya bar nasa zanen. Abin da ya yi magani: a rage gida zuwa 30 da 30, a sauke gudu zuwa 4, a fesa wa soso ruwa fesa ɗaya tak idan ya fara jan ƙura. Ƙara mai ba magani ba ne, toshe soson yake yi. Aiki mai nauyi kuma an mayar da shi daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar.

Soso ana share shi bayan kowane gida, da buroshi ko iskar kwamfaresa, domin kiliyar da ya aske tana taruwa a fuskarsa ta haɗu da busasshen mai. Bayan fanel ɗaya ko biyu a canza shi gaba ɗaya. Soso idan ya yi zafi ya jiƙe yana laushi ya daina yanka, tsakiyarsa ta lotsa, wani lokaci gam ɗin bayansa ya saki. Mota kamar wannan tana son matsakaici biyar ko shida, mai laushi uku ko huɗu. Mai soso ɗaya da ya ce zai zagaye mota da shi, rabin motar shafa mai kawai zai yi.

A fenda ta dama an ga wasu ƙananan zane masu murɗe-murɗe a jere, tsawon tafin hannu. Ƙwayar yashi ce ta shiga ƙarƙashin soso, karkarwar injin ta zana ta. Iska ce ta ɗaga gefen tamfol. An canza soso, an sake bi biyu, sun fita. Daga yanzu kowane fanel ana hure shi da iska a share da tawul mai ɗan danshi daf da ɗora inji, ko da minti goma ne da gama share shi. Busasshiyar iska tana sa fentin da aka goge da maikurofaiba ya riƙa jawo ƙura da kansa.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙofar da aka taɓa fenti da tabon bonet.

Awon 240 zuwa 310 ba ya nufin kiliya ce mai kauri. Yana iya zama tsohon fenti da firama da sabon launi ne suka taru, kiliyar kuma siririya. An yi gwaji dabam a ƙasan ƙofar. Fentin ya fi na kamfani laushi, yana kuma kama soso idan ya ɗan yi ɗumi, alamar hadina, wato sinadarin da ke sa fenti ya yi tauri, bai isa ba lokacin da aka haɗa kiliyar ko bai gasu sosai ba. Menzerna 2500 ya bar masa hazo. M205 da soso matsakaici a lamba 3 da rabi ya wadatar. An kuma samo inda mai fentin ya baje sabuwar kiliya a kan tsohuwa a ginshiƙin baya, an kewaye shi da tef an bar shi. Irin wannan gaɓa siririya ce ƙwarai, inji yana cinye bakinta ya bar layi da ba ya ɓoyuwa.

Babban karcen da farce ke kamawa, gindinsa fari ne, ya kai firama. An goge gefunansa kawai don su daina kama haske, ya ragu a ido amma yana nan. Za a cike shi da fentin ɗigawa mai lamba 218 da siririn buroshi bayan an gama komai.

Tabon kashin tsuntsu guda biyu ba iri ɗaya ba ne. Na farko sama-sama ne, M105 da ƙaramin soso mai inci 3 ya fitar da shi a bi uku. Na biyu ya zauna a inda awo ya ba da 126, don haka aka yarda a sa masa samfefa. Mai lamba 3000 aka jiƙa a ruwa minti goma, aka naɗa ta a ɗan katakon roba, ba a yatsa ba, don yatsa yana haƙa rami. An goga sau shida zuwa takwas a miƙe, a share, a duba, a auna. Da awo ya sauka zuwa 121 aka tsaya, duk da akwai ɗan saura. M105 ya fitar da sawun samfefar, M205 ya ƙarasa. Wurin yanzu 118. Idan ka san inda tabon yake ka karkata kai za ka hango inuwarsa. An rubuta wurin a takardar motar don kada wani ya sake binsa nan gaba.

Litinin, 13 ga Janairu

Rufi. Farin da ke baya ba datti ba ne kuma ba karce ba ne, kiliya ce rana ta kashe. Da gilashin ƙara girma ana ganin ƙananan tsage-tsage, a wuri ɗaya ma ta fara ɗagowa. Inji ba ya gyara wannan. Zai yi sheƙi na 'yan makonni saboda maiƙo, sannan ya ɓare fiye da da. An zagaye wurin da tef, sauran rufin aka bi shi da M205 da soso mai laushi, bi biyu, ba dannawa. Saƙar gizo da yawa ta rage a can, mun bar ta. Maganin rufin sabon fenti ne.

Bamba biyu da madubai an yi su da faifai mai inci 3 a lamba 3. Roba ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, yana taruwa a wuri guda har fenti ya yi laushi ya murɗe. Bayan kowane bi biyu a ɗora bayan hannu, idan ya wuce ɗumi a matsa wani wuri. Ramin mariƙin ƙofa, inda farata suka zana, da hannu aka yi shi da ɗan tawul da M105.

Laraba, 15 ga Janairu

Zagaye na biyu a duk motar: M205, soso mai laushi, lamba 3 da rabi, bi uku da hannu sake. Wannan zagaye ba ya cin abin kirki, maikuron ɗaya ko ƙasa da haka, amma shi ke fito da zurfin baƙin da ƙyallin da ke cikinsa. An cire tef a hankali ana jan sa a kwance, an fitar da garin mai daga tsagogi da buroshi mai laushi, an sake wanke motar, an goge da ruwan sifirit, an tura ta rana da tsakar rana. Babu sawun inji. Bonet da ƙofofi da but sun fita, in ban da karce ɗaiɗaiku masu zurfi.

Awon ƙarshe: bonet 108 zuwa 124, ƙofofin hagu 102 zuwa 121, but 95 zuwa 107, rufi bai ragu da abin da na'ura za ta iya gani ba.

Man goge ba ya barin kariya, fentin yanzu tsirara yake. An shafa man kariya na roba, siriri ƙwarai, da soso mai laushi a lamba 2, aka bar shi ya bushe yadda kwalbarsa ta ce, aka goge. Kakin karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya, ya fi ba da ɗumin sheƙi, amma baƙar mota a ranar Afrilu ta Katsina ba ya daɗewa a kanta. Motar za ta kwana a rufe ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. An ɗiga fenti a karcen ƙofa, shafi biyu sirara da tazarar awa guda, an bar wurin ba man kariya.

Asabar, 25 ga Janairu

Motar ta dawo wankin farko, da direbanta da yaron da ke share ta a gida, don a gabansu aka so a yi. Ƙura ta kwanta mata sosai, amma ruwa kaɗai ya sauke mafi yawanta kafin a sa hannu. Da tocila an ga sababbin zane miƙaƙƙu a but da gefen bonet na hagu. Yaron ya ce, "Wallahi Oga, sau ɗaya ne, ranar Juma'a da Alhaji zai fita masallaci." Sama-sama ne, M205 da hannu ya share su, aka mayar da man kariya a wurin.

Abin da aka bar musu a rubuce: ba a share ƙura a bushe, ko da tsumma ko da gashin jimina. Idan babu halin wanki a bar ta da ƙurarta, a wanke gilasai kawai. Wanki da bokiti biyu da sabulun mota, a inuwa, a tsane da babban tawul na maikurofaiba ana ɗora shi ana ɗagawa. Tawul ɗin a wanke shi shi kaɗai, a shanya a ɗaki, ba a kan katanga ba. Kashin tsuntsu a jiƙa shi a ɗauke ranar da ya faɗo. Rigar rufe mota ba a sa ta a kan ƙura, iska tana kaɗa ta ta goge fentin. Man kariya a sabunta shi bayan wata uku zuwa huɗu, na gaba zai faɗo cikin zafin bazara.

Ɗigon fentin ƙofa ya ɗan lotsa bayan ya bushe, yana son shafi ɗaya kuma kafin a daidaita shi da samfefa mai lamba 3000. Rufi an shirya kai shi fenti a watan gobe. Idan ya dawo ba za a sa masa man kariya ba sai ya yi aƙalla kwana 30, sannan a auna shi a ga ko zai ɗauki samfefa.